Kawu, Mutanen Ailan, da Dariyar da Ya Bar Mini Wasiyya

Daga wurin Allah muka zo kuma can muka nufa, sai dai Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu kama hanya. Ya cika da hantsi a gidansa na Kubwa, bayan ya sha shayinsa ya yi wa mai karanta labarai a rediyo gyaran Hausa kamar yadda ya saba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ban taɓa sanin mutum ɗaya zai tara irin wannan jama'a ba. Motocin manyan ma'aikata, abokan aikin babban ɗansa, sun cika layin har na ji tsoron kada wutsiyarsu ta fita titin Zuba. Fulanin da ke kiwo ta bayan hanyar Bwari sun zo sun tsuguna a gindin katanga da sandunansu. Babbansu ya ce tun da Malam ya yi ritaya bai daina duba musu shanu ba, kuma ko ƙoƙon nono ba ya karɓa sai an yi rigima. Wanzaminsa na unguwar Dutse Alhaji ya zauna yana kallon hannuwansa. Matar da yake sayen kifi a wurinta a kasuwar Kado ta rufe rumfa ta zo. Ba Bahaushiya ba ce, Hausar Abuja take yi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen zani tana cewa, "Baba ta tafi ke nan? Yanzu wa za ta zo ta gaya wa kifina cewa na Ailan ta fi shi girma?"

Wani daga cikin masu zama ya kusa yin dariya, ya haɗiye ta da tari. Dariyar nan da aka haɗiye kuwa, ita ce aikin da Kawu ya bar mini.

Duk wanda ya san ni ya san halina. A danginmu, idan na ce na ga kura, sai a tambaye ni ko kyanwar tana da lafiya. Wata biyu kafin rasuwarsa, Kawu ya sa na yi masa alkawari cewa a zaman makokinsa, bayan an shafa addu'a, zan ba da labarinsa yadda mutane za su yi dariya. A zaman makokin Bahaushe fa, inda kowa ke sunkuye yana jan carbi, ba ka jin komai sai "ya haƙuri" da "Allah Ya jiƙansa". Kwana uku gare ni in cika alkawarin, in ba haka ba in zama wanda ya ci amanar mamaci. Amma ba za a gane wannan wasiyya ba sai an san inda Kawu ya samo ta.

Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, yana saurayi malamin dabbobi, aka tura shi ƙasar Ailan, wani tsibiri yamma da Ingila, ya koyo kiwon shanun madara. Aka sauke shi a gidan wani manomi a wani ƙauye da ke can yammacin ƙasar. Ya dawo da takardar shaida, da rigar sanyi ɗaya da ya ci gaba da sawa a zafin Abuja duk ranar da hadari ya haɗu, da kuma littattafan rubutu guda uku irin na 'yan makaranta, cike da abin da idonsa ya gani. Tun ina yaro yake karanta mini su, don ni kaɗai ne a gidan ba na gudu.

A shafin farko ya rubuta cewa ruwan sama a can ba damina ba ne, maƙwabci ne, kullum yana nan kuma ba ya sallama. Ya ce dankali ake ci da safe, a ci da rana, da yamma kuma a sake masa kama a kawo. Ya ce idan ka tambayi mutum hanya, sai ya fara tambayarka daga ina kake, ɗan wa ne kai, yaya ka baro mutanen gida, kafin ya nuna maka hanyar da shi ma bai tabbatar da ita ba. A gefen wannan Kawu ya rubuta da ƙananan baƙaƙe, "Kamar gida."

Labarin shayi shi na fi so. Al'adarsu ce idan an yi maka tayi ka ƙi sau biyu, a na uku ka karɓa. Shi kuma Kawu ya tashi a gidan da baƙo ke cewa ya ƙoshi ko da cikinsa na kiran sallah. Ranar da ya sauka, matar manomin ta yi masa tayi ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Ta yi na uku tana miƙo kofi, ya dafa ƙirji ya ce ya gode. Sai ta ɗauka ta gamu da wanda ya fi duk mutanen ƙauyen ladabi, ta gyara tsayuwa. Shi ya ce sau bakwai suka yi. Ni idan ina ba da labarin nakan kai shi arba'in, in ce sai da aka sake dafa shayin sau uku, mijin ya je ya tatso shanu ya dawo ya same su suna nan.

Akwai kuma maganar harshe. Mahaifiyar manomin tana da rai a lokacin, tsohuwa tukuf. Tana da wani yare nasu na asali wanda ba Turanci ba, da shi take addu'a, da shi take yi wa shanu magana. Idan ta yi wa jikokinta magana da shi, sai su amsa mata da Turanci. Kawu ya ce ya ga tsohuwar tana neman wanda za ta yi hira da shi a cikin gidanta ta rasa, sai ta tafi wurin saniya. Wannan abu bai bar shi ba har ya mutu. Da ma'aikatarsu ta taso daga Ikko ta dawo Abuja, ya tsufa, jikoki suka fara zuwa daga cikin gari suna gaishe shi da Turanci, sai ya ƙirƙiro wa kansa kurumta. Mutumin da ke jin ƙarar buɗe gwangwanin madara daga gida na uku, sai ya kafa hannu a kunne ya dubi ubansu ya ce, "Yaran nan tari suke yi ne? A kai su asibiti mana."

A kan wannan suka yi rigimar da ta fi kowace tsawo da babban ɗansa, wanda yake taubashina, darakta a wata ma'aikata, mutumin da ko hamma zai yi sai ya duba ko doka ta yarda. Ya ce, "Baba, nan Abuja ce, da Turanci za su ci abinci." Kawu ya ce, "To su ci. Amma ni ba ni da saniya a gidan nan, da wa kake so in yi hira?" Wata guda ɗan bai tako Kubwa ba. Da ya dawo, ya dawo da yaran sun haddace "ina kwana" da "lafiya lau", suna furta su kamar masu tauna ƙanƙara. Kawu ya warke daga kurumta nan take.

To, a garin da mutanen ƙauyen can ke cin kasuwa akwai ɗan ɗakin karatu. A nan Kawu ya tarar da tsofaffin littattafai na matafiya daga Ingila, waɗanda suka zagaya Ailan tun zamanin da ake tafiya da doki, suka koma gida suka rubuta abin da suka gani. Sun ce mutanen malalata ne, suna kwana ɗaki ɗaya da dabbobi, yarensu hayaniya ce, kuma idan aka yi musu mutuwa ba su san abin da ya kamata ba. Kawu bai ɓoye mini ba, ya ce daɗi ya ji. "Karo na farko ke nan da na ga an yi wa farar fata irin rubutun da aka saba yi mana. Sai na ɗauki biro na shiga sahunsu. Na zama baƙon da ya kwana biyu a gari yana yanke wa kakannin mutane hukunci."

Manomin nan kuwa mutumin kirki ne. Da ya lura Kawu ba ya taɓa nama, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Washegari ya miƙa masa wuƙa ya ce daga yau duk kazar da za a ci a gidan nan kai ne mai yanka ta. Da azumi ya zo, mutumin nan ya daina kunna lofensa a gaban Kawu, sai ya zagaya bayan garke kamar mai laifi.

Wata takwas da zuwan Kawu, manomin ya faɗi a gona yana tara ciyawa, bai tashi ba. Kawu ya zaci za a kai shi a ranar, a dawo a zauna shiru. Sai ya ga an shimfiɗe shi a falo cikin kayansa na zuwa coci, an tsayar da agogon bango, an rufe madubi da ƙyalle, an buɗe taga. Maƙwabta suka cika gidan tun da rana. Suka yi addu'arsu, mata suka yi kuka. Daga nan aka kawo shayi da burodi, wasu da abin shansu wanda ba namu ba, sai wani tsoho ya fara ba da labarin ranar da mamacin ya sayi makahon doki. Ɗakin ya ɗauki dariya, ga gawa a kwance. Wani ya karɓa, wani ya ƙara. Kawu ya ji kamar an mare shi. Ya fice ya tafi garke ya zauna a kan bokiti.

Can wajen la'asar matar mamacin ta same shi da kofi a hannu. Ta ce, "Kowa ya faɗi nasa, saura kai. Kai ka zauna da shi wata takwas. Zo ka gaya musu wani abu a kansa."

Kawu ya ce, "A ƙasarmu ba ma wasa a kan gawa."

Ta dube shi, ta ajiye kofin a kan katanga ta koma ciki. Ya ce wannan ne karo ɗaya tak da ba ta yi masa tayi na biyu ba.

A ranar ya cika shafi guda yana cewa mutanen nan ba su san girman mutuwa ba, tsofaffin matafiya sun yi gaskiya. Sai ranar da zai bar ƙauyen, maƙwabcin da ya ɗauke shi zuwa tashar jirgin ƙasa ya warware masa. Ya ce a wurinsu mamacin da aka zauna kansa ba a ba da labarinsa ba, kamar bai taɓa zama cikin mutane ba ne. Ya ce matar ba ta ji haushi ba, ta dai ɗauka cewa a wata takwas baƙon bai ga abin kirki ko ɗaya a wurin mijinta da zai iya faɗa ba. Jirgi na tsaye, Kawu ya shiga. Bayan ya dawo gida kunya ta hana shi rubuta wa matar wasiƙa har shekara biyu. Da ya rubuta, 'yarta ce ta amsa, ta ce mahaifiyarsu ta rasu.

Bai yage shafin ba. Ya soke shi da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, ya bar shi yadda ana iya karantawa. Ranar da ya yi mini wasiyya, muna zaune a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ya buɗe mini shi.

Na ce, "Kawu, addu'a za mu yi maka, ita ce za ta amfane ka."

Ya ce, "Wa ya hana ku? Ku yi ta har ku gaji. Abin shansu kuma ban ce a kawo mini ba. Amma in an shafa, kada a zauna ana kallon takalma kamar an zo karɓar sakamakon asibiti. Ka ba da labarina. An nemi labari a wurina sau ɗaya na hana. Kai kuwa tun da aka haife ka ba a taɓa neman labari a wurinka ba, kai kake bin mutane da shi."

"In aka kore ni fa?"

"An saba korarka. Wannan karon dai da dalili."

Ranar farko ban iya ba. Na buɗe baki sau biyu, sai in ji abin da ya fito "Allah Ya gafarta masa" ne. Mutumin da ke iya tsayar da motar haya da surutu, na zauna kamar an ɗinke ni.

Rana ta biyu na ja taubashina gefe na gaya masa komai. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma ina kiransa Oga. Ya saurare ni har na gama, idonsa ja.

Ya ce, "Bawana, ka san ina ɗaukar maka abubuwa da yawa."

"Na sani, Oga. Ni ma ina ɗaukar fuskarka shekara hamsin."

Bai yi murmushi ba. "Gobe manyan ofis za su dawo, da mutanen gida daga Zariya. Kana so a koma a ce 'ya'yan Malam sun mai da makokin ubansu dandali? Baba ya tsufa, ya faɗi abubuwa da yawa. Ka bar wannan."

"Ni ya ɗora wa, ba kai ba."

"Ni kuma ubana ne. Ka ji na gaya maka."

Na rasa inda zan sa kaina, sai na bi limamin unguwa bayan azahar. Ya saurara yana shafa gemu. Ya ce ambaton alherin mamaci abu ne mai kyau, ba wanda ya hana, kuma murmushi ba zunubi ba ne. Na fara jin sanyi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma na san ka. Ƙarya ko ta ƙwayar gero kada ta shiga. Yadda abin ya faru, haka za ka faɗa." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ka aike ni farauta ka karɓe bindigar." Ya ce shi dai ya faɗa.

Rana ta uku aka yi addu'a da safe, aka shafa, aka raba waina. Mutane suka koma kallon takalma. Wasu har sun fara gyara hula za su tashi. Na ga in suka tashi shi ke nan. Na yi gyaran murya na ce, "Jama'a, marigayi ya bar mini saƙo, ku ba ni minti biyu." Taubashina ya ɗago ya dube ni irin kallon da yake yi wa masinja. Na kau da kai.

Na ba da labarin wata safiya, lokacin Kawu bai yi ritaya ba, ya shiga bas ɗin ma'aikata daga Kubwa zuwa cikin gari. Suna kan babban titi ya hango garken shanu a gefe, saniya ɗaya tana ɗingishi. Ya buga jikin mota ya ce direba ya tsaya. Ya sauka ya duba ƙafarta, ya cire mata ƙusa, ya dawo, aka tafi. Haka na faɗe shi, ba gishiri ba yaji, saboda liman na zaune yana kallon bakina. Ban taɓa ba da labari mara daɗi irin wannan ba a rayuwata. Ba wanda ya motsa. Wani ya ce, "Allah Sarki." Na ce a raina, Kawu ka yafe ni, na gwada.

Sai na ji an ce, "Ba haka aka yi ba."

Taubashina ne. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Ina cikin motar. Satina na biyu ke nan da fara aiki, na sa sabon kwat. Ba duba ƙafa ya yi ya dawo ba. Saniyar ƙin tsayawa ta yi. Sai ya leƙo ta taga ya ce duk namijin da ke motar nan ya sauko. Direba ya ce, Baba mutane za su makara. Ya ce, ita ma kiwo za ta, ta makara." Wani daga cikin manyan ofis ya rufe baki da hannu. "Mutum shida suka danne ta, har da wani mai jakar takardu da ya rantse shi akanta ne, bai taɓa taɓa dabba ba. Ni aka ba wa wutsiya."

Na ce, "Oga, wutsiya kuma?"

"Wutsiya. Kuma saniyar ta yi abin da saniya ke yi in ta tsorata. A kan kwat ɗin." Ya ci gaba, "Da muka koma mota ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni. Baba ya dube ni ya ce, yau ka fara yi wa ƙasa aiki."

Babban Fulanin nan ne ya fara, wata irin dariya siririya, ya kifa kai a kan sanda. Sai wanzami. Sai ta bi tabarma tabarma har ta kai kan kujerun manyan ofis. Liman ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi. Taubashina yana dariya hawaye na sauka a gemunsa, bai share ba. Kafin ya gama, wanzami ya ce shi ma yana da nasa. Wani tsoho daga Zariya ya ce a bari ya fara, shi ya san marigayi tun ba shi da gemu. Waɗanda suka gyara hula suka koma suka zauna.

Muna cikin haka sai ga ƙanwar taubashina ta fito daga cikin gida, inda matar Kawu ke zaman takaba. Kowa ya juya ya dube ta. Na ce to, yau kashina ya bushe. Ta durƙusa kusa da yayanta ta ce, "Inna ta ce a gaya muku, ku matso kusa da taga. Ba ta ji na wanzami sosai."

Muka ja tabarmi muka matsa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai tausayin dabba, mai gyara kuskurensa da hannunsa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, a sami abin kirkin da za a faɗa a kanmu ba sai an nemo irina ya ƙara gishiri ba. Amin.